Kaset Ɗin Da Kawu Ya Kashe

Har yau idan na tuna la'asar ɗin nan a unguwar Anbariyya sai raina ya ɓaci. Ina ɗalibi a Madina lokacin, tsakiyar shekarun tamanin, kuma ƙwallon Italiya ta shiga jinina. A shekarar wata ƙungiya ta ƙaramin gari, masu riga shuɗiya da ruwan ɗorawa, ta hau saman tebur ta ƙi sauka, manyan ƙungiyoyi suna ta cizon yatsa. Ni kuwa na bi ta da zuciya ɗaya.

Ni da abokaina ba ma ganin wasa ranar da aka buga. Wani direban babbar mota ne yake aro mana kaset daga injiniyoyin Italiya da ke aiki a garin Yanbu, mu kwafa a shagon kawun abokina mai gyaran rediyo a Anbariyya, mu mayar. Wasa kan iso mu bayan makonni, don haka muka ɗauki alkawari cewa ba mai duba shafin wasanni, ba mai faɗin sakamako. Na daina sayen jarida, na daina zama wurin mai aski. Wata da watanni na toshe kunnena, don in ga ɗaukar kofin da idona.

Ranar da kaset ɗin wasan yanke hukunci ya zo, direban ya ce sauke kaya kawai zai yi ya juya. Na haɗa bidiyo biyu, na kashe talabijin don kada idona ya sata, na roƙi Kawu kada a taɓa komai, na tafi darasi. To, Kawu yana da al'ada: da an kira salla sai ya sauke babban makunnin wutar shago kafin ya ja ƙofa. Kowa ya san shago na rufewa lokacin salla, amma wa ya ce injin ma sai ya je masallaci? Ya dawo, ya ga bidiyo a tsaye, ya zaro kaset ya miƙa wa direba, ko a jikinsa.

Ranar Alhamis muka taru a ɗakina a unguwar Ƙuba, da shayi da dabino, har da Kawu. Canjaras kawai muke nema. Aka zura mana ɗaya, aka tafi hutu, aka dawo, 'yan wasanmu suka taso da ƙwallo. Sai allo ya zama yashi.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Kawu, wutar ka kashe?"

Ya ce, "Aiwa, ya waladi, na kashe, ɗana. Da in bar ta shago ya ƙone?"

Na ce, "Na roƙe ka fa, Kawu!"

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Khalas, mene ne na haushi? Sawwag ɗin, direban nan, ya faɗa mini, sun rama, sun ɗauki kas ɗin, kofin naku. Mabruk."

Ba wanda ya yi tafi. Da sa'ana ne da na zage shi, amma dattijo ne, sai na fita na tsaya bakin titi ina huci, hawaye na zuba don takaici. Yanzu 'ya'yana suna cewa ƙwallon da aka rama tana cikin waya, in zo in gani. Na ce su riƙe abinsu, an riga an gaya mini.