Yatsan da Manhaja Ta Yarda da Shi

Sai da na aurar da 'ya'ya uku sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gwaram. Da lokacin jarrabawar samun takardar shaida ya zo, aka ce sai mun je Birnin Kudu an ɗauki zanen yatsunmu a kwamfuta. Ban samu zuwa ba sai ranar rufe rajista.

Ma'aikacin, wani mai furfura a gemu, ya ɗora babban yatsana a kan ɗan gilashi. Wuta ta kawo ja. Ya goge, ya sake. Ja.

"Hajiya, manhaja ba ta karɓa ba. Sai dai baɗi."

"Ban je Makka ba tukuna, Malam. Mece ce manhaja?"

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Kwamfuta ƙarfe ce kawai. Manhaja ita ce umarnin da aka rubuta aka zuba mata take bi. Ba ta ganin zanen yatsanki, ya shafe."

Ba dole ya shafe ba? Tun ina budurwa nake ɓarar gyaɗa da sussukar gero.

"Rubutawa aka yi? Wa ya rubuta?"

"Masana."

"Ashe mutum ne ya hana ni, kake laƙa wa ƙarfe. Shi masanin, uwarsa ba ta daka?"

Matan da ke bayana suka tuntsire da dariya. Ya ce, "Inna, ki duba layi."

"Ni ma layin na bi tun hantsi. Shekara biyu ina koyon karatu, ba zan koma garinmu Fagam in ce ƙarfe ya kore ni ba. Karanta min abin da ta rubuta a allon nan. Duka, har ƙasa."

Turanci ne. Ya karanta yana fassarawa da gunaguni, sai ya tsaya. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ce a gwada wani yatsa. Ban san mata nawa ya sallama bai kai idonsa nan ba.

Muka bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ja, ja, ja. Sai a kan ƙaramin yatsan hagu, malalacin da bai taɓa tsinana min komai ba, wuta ta kawo kore.

Da shi na shiga jarrabawa. Har yau, duk wanda ya ce min "manhaja ce," sai in gyara zama in ce ya karanta min har ƙasa.