Gayyar Janar Mutawakkil

Mutawakkil ɗan Malam Rabo na Barkiya bai taɓa riƙe bindiga ba, bai kuma taɓa wuce Kaduna ba, amma ya sha cin Turai da yaƙi, kuma duk a bakin teburin mai shayi.

Tun yana firamare, inda na koyar da shi, ya fi damuwa da abin da ya faru a nesa fiye da abin da ke gabansa. Da ya gama sakandare sai ya tare a Dutsin-Ma, ya sami aiki a wani shagon buga takardu kusa da jami'a. A can ɗalibai suka cika masa waya da ƙagaggun labarai, irin waɗanda ake kwasar mutanen zamaninmu a jefa su cikin yaƙe-yaƙen Turawan da, lokacin da ake gwabzawa da dogayen masu da bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki. Karatu bai ishe shi ba, sai da ya ƙago nasa. A cikinsa mutanen Barkiya sun wayi gari a tsakiyar Turai ta wancan zamani, da baburansu da tocilansu, sarakuna na ta rububin neman taimakonsu. Ba sai an faɗi wanda ke jagorantar rundunar ba. Daga nan aka laƙaba masa Janar, shi kuwa ya amsa da murna, bai ji zolayar da ke ciki ba.

Da mahaifinsa ya rasu ba a raba gado ba. Gonar da ke ciyar da Larai, mahaifiyarsa, ta zauna ƙarƙashin kulawar Baffa Badamasi, ƙanen marigayin. Baffan ya kira shi gida.

"Kai ne babba," in ji shi. "Na ba ka damina ɗaya. In rumbun uwarka ya cika, gona tana hannunka. In ba haka ba, ƙanenka Hudu zai karɓa."

"Haba Baffa! Wanda ya san yadda ake sarrafa dakaru, gona ce za ta gagare shi?"

"Ni ban san dakaru ba, ciyawa na sani."

An yi shuka, gero ya tsira da kyau. Janar ya koma Dutsin-Ma ya ƙarasa wani yaƙi da ya bari a tsakiya, kafin ya dawo ciyawa ta kusa shaƙe gonar. Ba abin da ya rage sai kiran gayya. Larai ta dama fura, ta tuƙa tuwo, samarin ƙauye suka fito da hauyoyinsu saboda darajar marigayi.

Kowane yaro a ƙasarmu ta Kurfi ya san yadda ake gayya. Manoma sukan jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa da kunyarsa, makaɗi na biye yana wasa wanda ya yi gaba, 'yan matan da suka kawo fura na kallo daga inuwa. Gudun a bar mutum a baya ne ke nome gona, ba wani abu ba.

Janar ya hau kan suri da usur a wuya. Ya raba samarin sahu uku, wani bayan wani. Ya ce sahun gaba ne kaɗai zai yi noma. Da ya busa usur sai su juya su koma baya, sahu na biyu ya maye gurbinsu, kamar yadda maharban Turai ke komawa baya su ɗura albarushi bayan sun harba. Ya hana kowa wuce ɗan'uwansa. Ya kuma umarci Audi makaɗi ya riƙe kiɗa iri ɗaya, ban da kirari.

"Janar, ganga ba kirari ai tuwo ne ba miya," in ji Audi. "Wa zan wasa?"

"Ba a wasa soja ɗaya. Runduna ake wasawa."

"To, Allah ya ba runduna sa'a."

Sahu biyu suka tsaya riƙe da ƙugu suna kallon sahu ɗaya. Da aka busa usur, masu komawa suka yi karo da masu zuwa, kowa ya kauce, kuma ba inda ake kaucewa sai kan gero. Aka sake busawa, aka sake tattakewa. 'Yan mata suka daina kallo, suka koma hirarsu.

Alu, ƙaton da ba a taɓa wuce shi a gayya ba, ya dogara hauyarsa.

"Ranka ya daɗe, noma muka zo yi ko faretin 'yan makaranta?"

"Koma sahunka!"

"Sahuna yana gindin tsamiya, wajen fura."

Ya tafi, sauran suka bi shi. Suka sha, suka ci, suka yi wa Larai godiya, kafin azahar babu kowa a gonar sai Janar da usur ɗinsa.

Washegari Baffa Badamasi ya zagaya gonar, Janar da Hudu na biye. Ciyawa na tsaye, gero na kwance.

"Tsarin ba shi da laifi, Baffa. Mutanen ne ba su da horo."

"Haka ne. Shi ma geron ba shi da horo, da ya kauce." Ya juya ga ƙaramin. "Hudu, ba sai mun jira kaka ba. Lokacin gero ya wuce, ka nemi irin wake."

Da Janar ya shiga yi wa mahaifiyarsa sallama, ya tarar tana tsince waken da za a shuka. Ba ta ɗago kai ba.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce. "In za ka zo gaisuwa, ka zo kai kaɗai, ban da runduna."