Ranar da Na Karɓi Makullin Baba Koci

"Koma ka zauna!"

Duk wanda ya taɓa shiga falon Alhaji Sabo a unguwar Glenwood ta nan Greensboro cikin watan Oktoba ya ji wannan tsawar. Ba da mu yake ba fa. Da manajan ƙungiyarsa ta besbol yake, bawan Allah yana can cikin talabijin bai ma san ana yi ba. Shi ya sa muka laƙaba masa Baba Koci. Yau kwana arba'in da rasuwarsa, matarsa Hajiya Laure ta ce tunda ni ne mai baki, in tashi in ce wani abu. Zan ce, amma ku yi haƙuri da ni, don ni ne na raba shi da motarsa, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Saboda baƙinmu da ba su san wasan ba: akwai mai jifa, yana tsaye kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana wurga ƙwallo, masu sanda suna zuwa ɗaya bayan ɗaya su buge. In manaja ya ga mai jifan ya gaji, sai ya fito a ƙafa, ya taka a hankali har tudun, ya miƙa hannu. Mai jifa ya sa masa ƙwallon a tafin hannu ya fice. Wannan tattakin Baba Koci ya fi tsana a duniya.

Ranar da na sauka garin nan karatu, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi a tsohuwar bas ɗinsa mai ruwan toka, wadda rabinku a nan kuka fara ganin Amurka ta gilashinta. Kaftani fari tas, a kai kuma hular besbol. Ya ce, "Kai ne Bashir na Funtuwa?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Shiga. Kada ka yi magana, muna zagaye na bakwai."

Na zaci wani zikiri ne. Ashe wasan yake saurare a rediyo. Muka iso ƙofar gida, ya ƙi kashe mota. Minti goma, minti ashirin, ni kuwa tun cikin jirgi nake a matse. Na daure na ce, "Baba, wallahi fitsari nake ji."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Shi ma mai jifan riƙe nasa yake yi. Ka ji ya yi ƙorafi?"

Kun san ra'ayinsa kan wasannin fitar da gwani na watan Oktoba, don ba wanda ya tsira daga jin sa, har limami. Bayan na gama karatu na fara koyarwa, sai na zama abin misali. "Dakta, ƙungiya ta buga wasa ɗari da sittin da biyu, tun bazara har kaka, ta fi kowa. Sai a ce ta zo ta kara da wadda ta shigo da ƙyar, wasa biyar kacal, in ta faɗi ta tattara ta tafi gida. Kai za ka kayar da ɗalibin da ya shekara yana cin jarrabawa don mura ta kama shi ranar ƙarshe?"

Na ce, "Baba, ai nan daɗin yake."

"Daɗi ga wa? Ga masu talla!"

Amma babban abokin gabarsa kwamfuta ce. Wai yanzu wasu yara ne a ofis ke lissafa wa manaja lokacin da zai cire mai jifa, ko da mutumin yana kan ganiyarsa. "Kwamfuta ta ga idonsa? Ka je, ka dubi idon mutum, ka tambaye shi. Kowa ya san hannunsa. In ya ce da saura, ka koma ka zauna."

Kowane Oktoba sai ya rubuta wa manajan wasiƙa da biro, shafi huɗu, Bismilla a sama, a ƙasa ya sa hannu da "babanka na Greensboro". Shekara tara ba amsa. A ta goma sai ga ambulan daga ofishin ƙungiyar. Aka tara mu, aka dafa shayi, ya buɗe. Kalanda ce, da takardar rangwamen tikiti. Maryam 'yarsa ta fashe da dariya, ta ce masa da Turanci, wai ai kowa ake aika wa. Ya harare ta, ya rataye kalandar kusa da hoton Ka'aba. Da aka sallami manajan bayan wata biyu, sai ya bugo mini waya da sassafe: "Dakta, ba na gaya maka suna karantawa ba?"

Kuma ba a talabijin abin ya tsaya ba. Kuna tuna lokacin da kwamitin masallaci ya so canza Malam Isa ladan, don muryarsa ta fara rawa? An gama magana, an samo saurayi mai zaƙin murya, saura sanarwa. Baba Koci ya miƙe ya ce, "Wa ya tambaye shi?" Ya juya ga Malam Isa: "Malam, da saura?" Tsoho ya ce da saura. Ya juyo ga shugaban kwamiti, likita guda, mai gida a Irving Park, unguwar masu kuɗi, ya ce, "To koma ka zauna." Likita ya zauna kuwa! Malam Isa ya ƙara shekara uku yana kiran salla, muryar na rawa, mu kuma muna zuwa.

To, wannan mutumin aka ce in je in karɓe wa makulli.

Idonsa ne ya fara tafiya. Da farko ya goge katangar masallaci, ya ce katangar ce ta matso. Muka yi dariya. Sai wata Juma'a ya ratsa jar danja da ɗalibai biyar a mota, wata babbar mota ta ci birki har hayaƙi ya tashi. Wannan ba wanda ya yi dariya. Likitan ido ya yi magana, Baba ya ce ai likitan yaro ne. Maryam ta yi tata da Turanci, ya mayar da Hausa, aka tashi ba wanda ya ci. Hajiya Laure ta kira ni ta ce, "Bashir, kai yake jin maganarka."

Na ce, "Ni? Hajiya, manajan ma da ke cikin talabijin bai tsira ba!"

Ta ce, "Ko ka karɓa, ko wata rana a kira mu asibiti. Kuma ba shi kaɗai za a kai ba."

Na yi kwana uku ina juya abin. Motar nan ba mota ba ce kawai a wurinsa. Da ita yake ɗauko sabon zuwa, da ita yake kai mai jego asibiti, da ita ake ɗauko ragon layya daga gona. Ba ya shugabancin komai, ba shi da dukiya, amma wayarsa ba ta hutawa. In na karɓe, ya zama tsoho mai jiran a zo a ɗauke shi. Gaskiya na ji tsoro, na kuma ji kunya, mutumin da ya ɗauko ni da akwati ɗaya.

Na je ran Asabar bayan la'asar. Na yi rashin sa'a, wasa na biyar ake yi, wanda ya faɗi ya fita. Ya ja kujera har hancinsa na neman taɓa talabijin, ga rediyo kuma a cinya. Na zauna a bakin kujera. Can ya ce, "Nawa da nawa?" Ga lambobin nan ɓaro-ɓaro a gabansa. Na faɗa masa.

A zagaye na shida mai jifansu, wani tsohon hannu da yake ji da shi, ya fara gazawa, masu sanda na buge duk abin da ya jefa. Sai ga manaja ya fito, yana takun nan. Na shirya kunnena.

Tsawar ba ta zo ba.

Baba Koci ya ce a hankali, "Ya makara. Tun zagayen baya ya kamata ya zo."

Na ce, "Baba, kai ne kuwa?"

"Ƙarar sanda nake ji. Hannun ya ƙare, shi ma ya sani, kunyar faɗa yake." Ya rage muryar rediyo. "Laure ce ta aiko ka."

Na ce, "Ita ce, Baba."

"To ba a zaune ake yi ba. Tashi. Koma bakin ƙofa ka tako yadda ake yi."

Wallahi haka na yi, ni da furfurata. Na koma bakin ƙofa na tako. Ya ce na yi sauri, in sake. Na sake. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula. Ya ce, "Dubi idona. Tambaye ni."

Na ce, "Baba, da saura?"

Ya ce, "Babu, Bashir. Ranar Juma'ar nan ban ga danjar ba. Ban gan ta ba sam. 'Ya'yan mutane biyar." Ya lalubi aljihun kaftani, ya kamo hannuna, ya sa mini makullin, ya naɗe yatsuna a kai. "Saura abu ɗaya. Ana dafa wa mutum kafaɗa."

Na dafa. Kafaɗar ta yi sauƙi ƙwarai a hannuna.

Ya juya ya nufi ɗaki, kai a sama. Hajiya na tsaye a ƙofar kicin tana share ido da gefen mayafi. Ya tsaya ya ce, "Laure, wanda ya yi aikinsa in zai fita, tafi ake yi masa, ba kuka ba." Ta tafa masa da hannunta duk garin tuwo. Ni ma na tafa, makullin na ƙara a hannuna.

Ƙungiyarsa ta faɗi ran nan, bai ko tambaya ba.

Daga nan ni na zama direbansa na Juma'a, kuma kada ku zaci ya yi ritaya. Mutumin da ba ya ganin danja, amma in na taka birki sai ya ce na makara. Na ce, "Baba, in ba ka yarda da ni ba, ka cire ni." Ya ce, "Ni ba na cire mutum yana kan aiki. Tuƙa."

Motar tana ƙofar gidana yanzu. Jibi zan ɗauko wata ɗaliba daga filin jirgi, rediyon kuma yana tashar da ya bar shi, ban taɓa ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Sabo, Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar masa da ganinsa a Aljanna. Ya ba Hajiya Laure da Maryam haƙuri. Mu kuma, ranar da tamu ta ƙare, Allah Ya sa mu miƙa da hannunmu, Ya sa a samu mai dafa mana kafaɗa. Amin.