Matar da Ba Ta Yarda da Ƙofar Tiram Ba

Ina tsakiyar aiki a ofishinmu na kago, wato jigilar kaya, da ke Al Buteen a nan ƙasar Larabawa, bayan azahar, Bilkisu ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Anti, Inna ta cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifiyarta, Inna Asabe, maƙwabciyata a benenmu na Al Rigga, ta rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya.

Na sha karanta ta'aziyyar da ake wanke mamaci har ya fita daga kamanninsa. Ba zan yi mata haka ba. Inna Asabe ba mai sanyin hali ba ce. Ba ta yarda da kowa ba sai Allah, kuma a cikin wannan rashin yardar jikokinta suka girma lafiya.

Ta zo daga Kano bayan rasuwar mijin Bilkisu, don ta riƙe mata yara biyu: Mustapha, ɗan fari, da ƙanwarsa Ummi. Bilkisu tana ɗinki a wani shago a Marina, da sassafe take fita, makarantar yaran kuma can wajen take. Saboda haka Inna ce ke kai su kullum, su hau jirgin ƙasa na metiro daga Al Rigga, sannan tiram, ƙaramin jirgin nan da ke ratsa titi tare da motoci. Metiro ba shi da direba, don haka ba ta yarda da shi ba. Tiram yana da direba, sai ta ce ba ta yarda da direban ba. Takan ce, "Abin da ke tafiya ba ƙara, munafuki ne."

Ta ƙi keken tura jarirai, ta ce ba za ta tura jikarta gaba kamar kayan talla ba. Goya Ummi take yi. A bakin mayafinta kuma ta ƙulla ƙulli, shi Mustapha ke riƙewa. "Maigida, riƙe matarka da kyau, kar Larabawa su ƙwace ni." Kafin a shiga sai ta lalube aljihunsa, ko wani ya ba shi alewa, don an hana ci a ciki. In aka ba ta wurin zama sai ta dubi kujerar, ta dubi wanda ya tashi, sannan ta zauna. Da na yi mata tsiya ta ce, "Ke mai karatu, ƙofar da ke rufe kanta ba ta san ɗan kowa ba."

Wata ranar hutu muka fita bakin teku gaba ɗaya, Bilkisu ce ke riƙe da hannun yaron. Muka sauka daga tiram cikin cunkoso, hannunsa ya suɓuce mata, shi kuwa ya tsaya a taga yana kallon jiragen ruwa. Bilkisu ta hango shi. Amma ɗan fari ne, ga mahaifiyarta tsaye, bakinta ya kasa kama sunan. Sai "Kai! Kai yaron nan!" take yi, a jirgi mai cike da yara. Inna ta kwarara ihu, "Mustapha!" Ya yi tsalle ya fito, ƙofa ta rufe tana shafar jakarsa. Inna ba ta ko dubi yaron ba, 'yarta ta duba. "Kunyar ɗan fari a tsakar gida ake yin ta. A tasha, suna ake kira."

Ga abin da ya sa nake rubutun nan da zafin zuciya. A wajen zaman makoki, Alhaji Sabo, wan mahaifin yaran da ya zo daga Kano, ya gyara zama ya ce marigayiya ta bar masa wasiyya ta waya: in ta mutu a mayar da yaran Kano wurinsa, don Bilkisu ba za ta iya da su a jirgi ba.

Na ce, "A wace wayar, Alhaji? Wadda take nannaɗewa a ɗankwali don kar ta ji hirarmu?"

Ya ce, "Khalas, ya isa, Hajiya, ba lokacin wannan ba ne."

Na ce, "Kai ka kawo lokacin."

Ban ce ya yi ƙarya ba, Allah ne masani. Na dai san bai taɓa hawa tiram da yaran nan ba, kuma gidan da mahaifinsu ya bari yana bin duk wanda ke riƙe da su. Na ce ya zo ya gani da idonsa kafin ya raba uwa da 'ya'yanta.

Bayan sadakar bakwai ya zo. Bilkisu ta goya Ummi, ta yafa mayafin mahaifiyarta, ƙullin yana nan. A tashar tiram 'yan makaranta suka cika wurin. Jirgi ya silalo, Mustapha ya saki ƙullin ya kutsa gaba, yana son ya riga kowa danna maɓallin ƙofa. Na dubi Bilkisu. Wan mijinta yana gefenta. Sai na ji ta ce, "Mustapha! Dawo nan!" Yaron ya juyo a firgice, don bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya dawo ya kama ƙullin.

Alhaji ya ce, "Shwaiya-shwaiya, a bi a hankali, za mu sake magana." Har yau bai sake ba. Ni dai ban saki jiki ba, marigayiya ba ta koya mini haka ba.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Asabe, Ka gafarta mata kaifin harshenta saboda tsaron amanar da ta yi. Ka yalwata kabarinta a ƙasar da ba tata ba. Ka ba Bilkisu haƙuri da ƙarfin murya, Ka raya Mustapha da Ummi a hannun uwarsu. Ita kuwa da ta rayu tana zargin ƙofofi, Ka buɗe mata ƙofar Aljanna, Ka kira ta da sunanta, ta shiga ba ta waiwaya ba. Amin.