Garin Jan Bulo a Cikin Nama

Shekara ashirin da huɗu Basharat yana yanka nama a ɗakin gwajinmu da ke Gujranwala. Yakan daskarar da tsoka a cikin kakin kyandir, ya fere ta har ta fi ɓawon albasa siranta, ya ɗora a gilashi, ya rina, sannan ya duƙa kan madubin ƙara girma yana ƙirga ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tambayi asalinsa, amsa ɗaya ce: mahaifinsa akawun jirgin ƙasa ne. Takalminsa kullum sai sheƙi.

Sai Dakta Tehmina, shugabarmu, ta kawo manhajar kwamfuta mai ƙirga ƙwayoyin. Tana gwajin wani man shafawa a kan mikin dawakin da ke jan amalanke a matoyar bulo, waɗanda igiya ta ci musu ƙirji. Ƙwayar da ta ɗauki rini ruwan ƙasa ita ce mai hayayyafa. Yawanta na nufin miki na warkewa. Kwamfuta ta ɗauki hoton gilashi, kafin shayi ya huce ta ce ɗari tara. Basharat ya yini a kan wannan gilashin, ya ce ɗari uku da goma.

"Basharat Sahib, ko dai lokacin sauya tabarau ya yi?" in ji Dakta.

"Dakta Sahiba, wannan abar taku ko kashin ƙuda ta gani sai ta ƙirga."

"Ƙuda ɗari shida? A ɗakinka? Ashe shara za mu fara."

Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Mako uku ya yi yana wahalar da kansa da mu. Ya sake rini. Ya tace ruwa. Ya zargi kamfanin gilashi. Ni da teburina ke jikin nasa na ɗauka kishi ne, tsoho da na'ura. Sai na lura ba neman amsa yake ba. Kullum yakan bar gilashi mafi yawan ɗigo ruwan ƙasa a kan madubin Dakta, an saita shi daidai inda ɗige-ɗigen suka taru, masu kaifin gefe. So yake ta gane da kanta, ya huta da faɗa.

Ba ta gane ba. Ta aika an tambayi masu dawakin ko suna sa wani abu a mikin, suka rantse ba sa sa komai.

"Mutanen matoya kuma," in ji ta muna cin abincin rana, tana yagar gurasar roti. "Su da dabbobinsu, sai ka duba da kyau kafin ka bambance. Ranar Litinin zan aika da sakamako. Ƙidayar manhaja."

Na dubi Basharat. Idan ta aika, za a ce man na aiki, a raba shi matoya-matoya. Amma ban yarda dawaki kaɗai suka dame shi ba. A bar na'ura ta kayar da shi a kan abin da ya sani tun yana cikin zanen goyo, wannan ne ya kasa haɗiyewa.

"Ɗigon nan da take ƙirgawa, garin jan bulo ne," ya ce. "Ana daka shi, a kwaɓa da baƙin man inji, a danna cikin miki da babban yatsa. Yana shigewa can cikin tsoka. Kafin likita ya iso sukan wanke sama-sama, don kada a yi musu faɗa."

"Wa ya gaya maka?"

"Ni nake daka wa mahaifina a matoya, ina yaro."

Dakta ta tashi ta leƙa madubi, ta daɗe.

"Ka sani, ka cinye mini mako uku?"

Da yamma aka gyara manhajar, aka koya mata tsallake ɗigo mai kaifin gefe. Ta ce ɗari uku da takwas. Babu wanda ya ce masa sannu.

Washegari Dakta ta tsaya a bakin teburinsa.

"Yanzu dai ƙidaya ta zauna, ba sai ka duƙa ba. Daga gobe kai za ka riƙa bin mota zuwa matoya kana karɓo nama. Kai ba za su yi maka ƙarya ba. Ai naku ne."