Layi Goma Sha Ɗaya na Gwaggo

A gyara zama, a rage ƙarar fanka, mai tauna ya haɗiye. Ga Gwaggo nan, uwar ɗakin baƙin allo, mai hannun hagun da ya fi na daman wasu albarka, wadda ta taɓa gano tanka a cikin layi miliyan biyu kafin mai tankar ya gama gaisuwa. Shekarunta hamsin da 'yan kai, tsayinta bai kai kabad ɗin fayil ba, tabarau a rataye a wuya da igiyar takalmi. Sunanta na gaskiya yana jikin katin aiki, amma katin ya daɗe da zama matashin kofin shayi, don haka kowa a ofis, har manaja, Gwaggo yake ce mata.

Mutum ɗaya ne yake da haƙƙin kiranta haka, wato ɗan wanta, kuma shi ne ya fi kowa jin haushinta. Ita ta samo masa aikin. Teburinsa na jingine da nata, ɗan katako ne kawai a tsakani. Ya yi shekara biyu yana karatun injiniya, sai ya ga malaman ba sa saurin da yake so, ya bar musu abinsu. Tun daga nan ake kiransa Rabin Injiniya. Idan yana cikin nishaɗi yakan ce rabin da ya yi shi ne mai wuyar.

Aikin kamfanin bin sawun manyan motoci ne. Kowace mota an maƙala mata 'yar na'ura, duk minti ɗaya sai ta aiko layi guda: lambar mota, lokaci, wuri, gudu. Masu motoci suna da taswira mai launi a wayoyinsu, amma ranar da taswirar ta yi ƙarya, sai su kira ofis da ihu a baki. A nan dole a koma ainihin fayil ɗin da layukan ke taruwa, a buɗe shi a baƙin allo da wata 'yar manhaja ta karatu wadda ba ta san linzamin kwamfuta ba, sai maɓalli. Ka danna sandar nan mai karkata ka rubuta lambar mota, ka danna n ta kai ka layi na gaba mai lambar, ka danna q ka fita. Haka duk duniya ke yi.

Ban da Gwaggo.

Ita da keken rubutu ta fara, a wani shagon buga takardu kusa da tasha, inda ta shekara goma sha huɗu tana buga wa mutane wasiƙun neman aikin da ba su samu ba. Mijinta direban babbar mota ne, irin waɗanda idan sun fita sai ranar da aka gan su. Ta san yadda ake kwana uku ana kallon ƙofa. Da kamfanin ya ɗauke ta, amsa waya kawai aka ba ta. Wata shida tana cewa, "Yi haƙuri, bari injiniya ya dawo," har ta gaji da jin bakinta. Ta sa aka buga mata littafin bayanin manhajar, shafi arba'in, ta riƙa karantawa lokacin cin abinci da jan biro. A shafi na talatin da wani abu ta gano cewa mutum zai iya rubuta ɗan ƙaramin fayil ya gaya wa manhajar aikin da kowane maɓalli zai yi. Da yake hannunta na dama kullum yana riƙe da kan waya, sai ta kwaso komai ta tara a ƙarƙashin na hagu. Layi goma sha ɗaya ta rubuta, ba ta ƙara ko ɗaya ba sai gyara.

Sakamakon shi ne abin da ke hana Rabin Injiniya jin daɗin shayinsa. Waya za ta yi ƙara, Gwaggo ta ɗauka da dama, hagu ya yi taf, taf-taf, taf, sai ka ji ta ce, "Motarka tana bayan gidan mai tun ƙarfe tara da minti shida. Direbanka barci yake, ka bar shi ya huta." Daƙiƙa ashirin. Shi kuwa yana da allo biyu, da kibod mai fitilu kala bakwai da ya saya da kansa, da kujera mai juyawa, amma sai ya yi minti huɗu, ya juya kujerar sau uku, ya ce wa mai kira, "Tsarin ne yake ɗan nauyi yau."

Abin da ya fi ci masa rai, masu kira sun gane. Idan ya ɗauka ya ce, "Injiniya ne," sai a ce, "Sannu da aiki. Mamar nan ba ta kusa?"

A gida ma ba hutu. Babansa, wato wan Gwaggo, ya yi ritaya daga gyaran agogo, ya koma gyaran ɗansa.

"Gwaggonka aji nawa ta yi a kwamfuta?"

"Baba, ba ta yi ba."

"Kai fa?"

"Shekara biyu."

"To," in ji tsohon, ya ci gaba da goge tabarau. Wannan "to" ɗin ya fi mari zafi.

Ana nan sai manaja ya tara su ranar Litinin. Kamfani zai buɗe sabon reshe kusa da tashar jiragen ruwa, ana son mutum ɗaya ya riƙe ɗakin allo na can shi kaɗai, da mabuɗinsa da hatiminsa. Ranar Alhamis wani mai tankoki arba'in zai zo ya ga yadda suke aiki, kuma yadda kowa ya yi a gabansa shi zai nuna wanda za a tura.

Rabin Injiniya ya ji zuciyarsa ta tashi tsaye. Ɗaki nasa. Waya tasa. Babu mai kira ya ce a ba shi mamar nan. Ya leƙa ta saman katako ya ga Gwaggo tana warware igiyar tabarau kamar ba da ita ake ba, sai ya ƙara tabbata cewa so take, tana ɓoyewa ne.

Ya daɗe da yanke hukunci cewa saurin nan ba na Gwaggo ba ne, na fayil ne. Tsohuwar da ke buga saƙon waya da yatsa ɗaya ba za ta fi shi kai ba. Tambayarta kuwa, gara ya haɗiye kibod ɗinsa da fitilunsa. Don haka ranar Talata, da ta fita sayen burodi, ya zagayo teburinta da kofinsa a hannu kamar mai neman sukari, ya kwafe layukan sha ɗaya, ya zuba su a tasa na'urar.

Ya zauna yana nazarinsu kamar wasiyya. Nema ya koma a. Layi na gaba ya koma s. Shafi gaba d, shafi baya e, ƙarshen fayil z. Duk wannan ya gane, hannun hagu ne. Amma layi biyu na ƙasa sun tsaya masa a wuya. Gwaggo ta kashe n gaba ɗaya, ta ce kada ya yi komai. Ta kashe q ma, ta mayar da fita sai an danna x sau biyu. Me ya sa mutum zai kashe maɓalli, alhali barinsa bai hana komai ba? Ya yi tunani har ya samo amsa mai kyau: horo ne. Ta toshe tsohuwar hanya don kada yatsa ya yi sha'awar komawa. Ya jinjina kai, yana yaba mata yana jin haushin yabon.

Ya yi atisaye ranar Talata da yamma. Ranar Laraba ya yi na minti ashirin, ya ga abin ya fara shiga, sai ya bari ya tafi aski, don shugaban reshe ba ya zuwa da ƙeya a cunkushe.

Alhamis mai tankoki ya iso, ƙato mai ƙaramar murya, da wayoyi uku a hannu ɗaya. Gwaggo tana kan waya da wata mata da motar kayanta ta yi shiru tun safe, don haka manaja ya ja baƙon zuwa teburin fitilu.

"Ga injiniyanmu. Ba shi lambar kowace tanka."

Mutumin ya ba da lamba, ya ce yana son sanin inda ta tsaya jiya da rana, don direban ya ce taya ce ta fashe.

Rabin Injiniya ya murɗe yatsu. Ya danna a, ya rubuta lamba, layin farko ya fito fes. Daƙiƙa biyar. Ya ji manaja ya ja numfashin jin daɗi a bayansa. Layin na ƙarfe shida na safe ne, saura a gangara zuwa rana. Kansa ya san s ne. Amma yatsansa na dama, wanda ya shekara uku yana wannan aiki, bai halarci atisayen Laraba ba. Ya tafi n.

Allo bai motsa ba.

Ya ƙara dannawa. Ya danna da ƙarfi, fitilun kibod suka yi ja suka yi kore, layin ƙarfe shida yana nan yana kallonsa. Gumi ya fara bin sabon askin. Ya ce bari ya fita ya sake shiga, ya danna q. Shiru. Ya danna q sau biyar. Duk abin da ya haddace ya tashi daga kansa, sai ya tuna akwai wani harafi a ƙasan hagu, ya danna z, allon ya yi tsalle ya dire a ƙarshen fayil, kan wata motar ƙanƙara da ba ta kowa ba a ɗakin.

"Wannan ba tawa ba ce," in ji mai tankoki a hankali.

"Tsarin ne yake ɗan nauyi yau."

"Shiga ka iya, fita ce ta gagara?" in ji mai tankoki.

Manaja ya yi tari. A lokacin ne wani gajeren hannu ya zagayo ta gefen katako, da awarwaro biyu na ƙarfe a wuyansa. Gwaggo ba ta ko juyo ba, kan waya na kunnenta, tana cewa, "Ki kwantar da hankali, 'yata, rami motar ta shiga, babu sabis a wurin." Hannun ya lalubo kibod mai fitilu, ya danna a, ya buga lambar tankar da ta ji da ɗaya kunnen, ya shiga danna s kamar mai ƙirga. Ya tsaya. Sai a lokacin ta ɗan leƙo ta saman tabarau.

"Ƙarfe ɗaya da kwata zuwa uku saura. Ba a kan titi ba, cikin unguwa. Taya ba ta fashewa a ƙofar gida ɗaya duk ranar Laraba."

Mai tankoki ya yi dariya har wayarsa ɗaya ta faɗi.

Ba a daɗe ba manaja ya fito da takarda. Gwaggo ce za ta riƙe reshe. Ta tambaya ko akwai matakala, aka ce hawa ɗaya ne, ta ce to. Rabin Injiniya zai gaji teburinta da wayarta da duk masu kiranta. Ya zauna yana kallon fitilunsa suna canza kala, abu ɗaya na cin sa fiye da reshen: hannun nan bai yi shakka ba. Ta san maɓallanta suna cikin na'urarsa.

Washegari ya same ta tana zuba kayanta a kwali, filas, jan biro, tsohon littafin shafi arba'in da ya koma launin shayi.

"Gwaggo, tun yaushe kika sani?"

"Talata. Ka bar kofinka a kan katina."

Ya haɗiye wannan. Ya ja kujera, ya gyara murya, don ya kwana yana shirya jawabin, kuma in dai za a kayar da mutum, gara a ce babban ilimi ne ya kayar da shi.

"Na yarda kin fi ni. Na yi nazarin layukanki ɗaya bayan ɗaya, kuma na gano abin da ko waɗanda suka rubuta manhajar ba su gano ba. Kin kashe n da q ne don ki yanke wa yatsa hanyar komawa baya. Wannan ba gyaran maɓalli ba ne, Gwaggo, tarbiyya ce. Da a makaranta ne, littafi guda za a rubuta a kai, ni kuma zan rubuta gabatarwa. Ki faɗa mini gaskiya, shekara nawa kika yi kafin wannan hikima ta zo miki?"

Gwaggo ta naɗe igiyar filas, ta tura masa tsohon kibod ɗinta da yatsa ɗaya. Ya duba. Harafin n ya nutse rabi, ya maƙale a karkace.

"Shayi ne ya zube masa, yake danna kansa. Shi kuma q, abin hannuna ke taɓa shi ya rufe mini fayil." Ta ɗaga kwalin. "Na cika takardar neman sabo shekara uku da suka wuce. In ya zo, ka sa hannu ka karɓa."