Saje Philip da Akwati Mai Riga

Saje Philip yana tsaka da duba fareti. Haka yake kiran abin da yake yi kowace safiya idan ya buɗe shagonsa da ke bayan kasuwar Zuru. Zai goya hannu ɗaya a baya, ɗayan riƙe da tsumma, ya bi teburin daga wannan kai zuwa wancan. Ya share kyamara, ya share lasifika, ya miƙar da wayar da ta kwana a karkace yana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa, kamar kurtun da ya fito bai goge takalmi ba.

A wani ƙauye na gindin dutse kusa da Manga aka haife shi. Kafin a ba shi Rachael sai da ya yi golmo, wato noman da saurayi kan yi wa surukinsa damina bayan damina har dattijo ya gamsu. Daga nan ya bi sahun yayyensa ya shiga soja, aka kai shi ɓangaren sadarwa, inda ya saba da waya da batir. Da ya yi ritaya abokansa suka koma gona, shi kuwa ya sayi kyamara. Yanzu da wuya a yi aure ko suna ko bikin Uhola a yankin ba ka hango shi a gefe ba, ya kanne ido ɗaya, yana daka wa 'yan rawa tsawa su daina tare masa haske.

Ɗaukar hoto ba ta ba shi wahala. Tacewa ce ke cinye masa rai. Da ya jera bidiyo mai nauyi a laftof ɗinsa sai ta fara ɗingishi. Amarya za ta ɗaga ƙafa ta tsaya a sama, ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta sauke ba. Da 'yarsa Dinah, wadda ke aiki a Kaduna, ta gaji da jin ƙorafi, sai ta ba wani direba saƙo: baƙin akwati mai girman babban burodi, da ƙananan ramuka a jikinsa. A cikinsa akwai katin hoto, wanda aikinsa shi ne ɗauke wa kwamfuta nauyin launi da motsi. Waya ɗaya ta shiga laftof, ɗaya ta tafi wuta. Ranar da aka haɗa, hotuna suka riƙa gudu kamar ruwan da aka ɓalle wa madatsa. Nan take Saje ya ba akwatin muƙamin Kyaftin.

Aikin farko mai girma da ya zo wa Kyaftin na Zumuntar Mata ne na cocinsu. Sun yi sabuwar waƙa, an ɗauke su a kan dutse da hantsi, zannuwa iri ɗaya suna kaɗawa a iska, kuma ranar Asabar za a nuna bidiyon a babban taron da mata za su zo daga ƙauyuka har da Kanya. Rachael ce ke ba da waƙar, karo na farko a rayuwarta.

To, a gidan Rachael ba abin da ke zama tsirara. Talabijin na da riga, rediyo na da riga, firji ma na da ɗankwali. Da ta kawo wa mijinta abincin rana ta ga Kyaftin zaune haka nan ƙura na sauka a kansa, sai tausayi ya kama ta. Ta koma gida ta ɗauki kwarashi da zaren ulu mai launin zanin zumunta, ta saƙa masa riga mai kauri har da tuntu a sama. Ranar Laraba ta zo ta sa masa da hannunta. Saje ya yi godiya.

Daga ranar Kyaftin ya fara suma. Za a fara fitar da bidiyon, fankar da ke cikinsa ta yi ta huci, a kai rabi, allo ya ɗauke. Saje ya zargi wutar sola da shagon ke amfani da ita, ya zargi waya, ya zargi direban da ya kawo saƙon. Da alama tun ranar farko ya gane, don wanda ya tsufa cikin na'urori ya san warin zafi. Sai dai zargin sola ya fi sauƙi.

Ranar Juma'a da rana ya kira Dinah ta bidiyo, ya juya mata wayar ta ga allon.

"Baba, tsaya. Mene ne wancan a kan akwatin?"

"Aikin hannun mamarki ne."

Dariya ta hana ta magana. "Baba, ta waɗannan ramukan yake numfashi! Ku cire masa."

"Ke ki gaya mata."

"A'a. Ku ne soja."

Bai gama ajiye wayar ba Rachael ta shigo da kula a hannu.

"Baban Dinah, an gama? Mata sai tambayata suke."

"Maman Dinah, zauna. Akwai rahoto." Ya gyara murya. "Kyaftin na jin zafi."

"Wane zafi? Talabijin ɗina shekara nawa da rigarsa, ya taɓa kawo ƙara?"

"Talabijin farar hula ne. Wannan gudu yake da kaya a ka. Taɓa ki ji."

Ta cusa hannu ƙarƙashin rigar, ta fizge da sauri tana yarfewa. Ta dubi allon, inda ga ta nan a kan dutse, baki buɗe, waƙa ta maƙale a tsakiya.

"Wato idan bai tuɓe ba, gobe ba za a gan ni ba?"

"Ko inuwarki."

"Tun Laraba ka sani ka yi shiru? Wai kai ne ka je yaƙi!"

Ta zare rigar da kanta. Saje ya sake danna aikin, suka zauna suna kallon layin da ke tafiya a allon, yana cin tuwo, tana yi wa akwatin fifita da murfin kula duk da ya ce ba sai ta yi ba. Layin ya wuce rabi. Ya ci gaba har ya kai ƙarshe, muryar Rachael ta cika shagon, siririya, mai tsabta, sauran mata na amsawa a bayanta. Ta rufe baki da gefen zani.

Saje ya kwafe bidiyon a filash, ya miƙe zai kai wa shugabar mata a wurin gwajin waƙa.

"Dakata," in ji Rachael. "Zarena ba zai tafi a banza ba."

Ta kifa masa rigar a ka. Ta sauko masa har kunne, kusurwa huɗu, tuntu na lilo.

"Maman Dinah, ta cikin kasuwa fa zan bi."

"Sai su ga aiki."

Ya leƙa fuskarsa a gilashin taga, ya ɗan karkata hular zuwa dama yadda ake sa ta soja, ya ƙame, ya sara mata, ya fita.